Kwabon da aka saki daga saman dogon bene: zai huda kan mutum?

Tambaya: Malam, gardama ce ta kaure tsakanina da abokaina. Ɗaya ya ce idan aka saki kwabo daga saman dogon benen nan na New York, wato Empire State, kafin ya iso ƙasa zai yi gudun harsashi, ya huda kan duk wanda ya samu ko ya lume cikin siminti. Wani kuma ya ce in daga jirgin sama ne, sai ya ratsa rufin mota. Mene ne gaskiyar maganar?

Amsa: Ɗan'uwa, kwabo ba zai huda kan kowa ba, ba zai lume cikin siminti ba, kuma ba zai ratsa rufin mota ba, ko daga bene aka sako shi ko daga jirgi. Wanda ya faɗo wa zai ji zafi kamar an ɗalle shi da ƙarfi, wataƙila wurin ya yi ja. Sai dai ba na so in tsaya a nan, domin abokinka bai yi maganar banza ba. Rabin lissafinsa daidai ne, kuma rabin nan shi ne yake kashe mutane da gaske idan abin da ya faɗo ba kwabo ba ne.

Bari mu fara da inda ya yi gaskiya. Duk abin da aka saki, ƙasa tana jan sa, kuma a kowane sakan tana ƙara masa gudun mita 9.8 a sakan. Bayan sakan ɗaya yana gudun kusan mita 10 a sakan, bayan biyu kusan 20, haka abin yake ta hauhawa. Rufin Empire State yana da tsayin mita 381. Da babu iska a duniya, kwabo zai yi wannan tafiya cikin ƙasa da sakan 9, ya iso yana gudun mita 86 a sakan, wato kimanin kilomita 310 a awa. Daga Burj Khalifa na Dubai, mai mita 828, sai ya haura kilomita 450 a awa. Wannan shi ne lissafin da ake koya wa ɗalibai, inda littafi yake cewa a yi kamar iska ba ta nan. Kuma akwai wurin da lissafin yake aiki tsaf. A shekarar 1971, ɗan sama-jannatin Amurka David Scott na kumbon Apollo 15 ya tsaya a kan wata, ya saki guduma da gashin tsuntsu lokaci guda, suka taɓa ƙasa tare, saboda babu iskar da za ta riƙe gashin.

Ko a wannan duniya marar iska ma, kwabon bai kai harsashi ba. Harsashin ƙaramar bindiga yana da nauyin giram 8 ko kusa da haka, yana fita da gudun mita 350 a sakan ko fiye. Kwabon Amurka, wanda a kansa aka fi yin wannan magana, giram biyu da rabi ne kacal tun daga 1982, lokacin da aka koma yin sa da tutiya ana shafe shi da jan ƙarfe. Ka ga nauyinsa bai kai sulusin na harsashi ba, gudunsa kuma rubu'i ne.

To amma mu a cikin iska muke zaune, kuma mutane suna raina iska ne saboda ba sa ganin ta. Iska tana da nauyi. Idan ka ɗauki akwati mai mita ɗaya a tsawo, mita ɗaya a faɗi, mita ɗaya a zurfi, iskar da ke cikinsa ta kai kilo ɗaya da giram 200. Duk abin da zai faɗo dole ya ture wannan iska daga gabansa. Ga lissafin da nake so ka riƙe, domin shi ne zuciyar maganar. Faɗin kwabon nan milimita 19 ne. Idan ya faɗo a kwance, a kowace mita yana ture iskar da ta kai sulusin giram. Bayan mita 7 zuwa 8 kawai, ya riga ya ture iska daidai nauyin kansa. Kafin ya gama mita 381, iskar da ke kan hanyarsa ta kai giram 130, ninki hamsin na nauyinsa. Ka yi tunanin mutum ɗaya yana so ya ratsa taron mutum hamsin da gudu, kowa sai ya ture shi gefe kafin ya wuce. Komai ƙarfinsa, tafiyar za ta koma ta hankali.

Turjiyar iska kuma ba a tsaye take wuri ɗaya ba. Duk wanda ya taɓa fitar da tafin hannunsa ta tagar mota ya san haka: a ƙaramin gudu iska tana shafa hannun ne kawai, a babban gudu kuwa tana neman karya shi baya. Idan gudu ya ninka biyu, turjiyar tana ninka huɗu. Idan ya ninka uku, ta ninka tara. Shi kuwa jan ƙasa bai ƙaru ba, nauyin kwabon yana nan yadda yake. Saboda haka dole a kai wani matsayi da iskar da ke tura kwabon sama za ta yi daidai da nauyin da ke jan sa ƙasa. Daga wannan lokaci gudunsa ya tsaya cak, ba ƙari ba ragi, ko da saura kilomita goma ya sauka. Wannan shi ne iyakar gudun faɗuwa, kuma kowane abu yana da nasa. Manyan ɗigon ruwan sama suna tsayawa a wajen mita 9 a sakan, shi ya sa ruwan da ya taso daga gajimare mai nisan kilomita biyu ko uku yake sauka a fuskar jariri ba ya ji masa ciwo. Mutumin da ya diro daga jirgi ya baje hannuwa da ƙafafu kafin ya buɗe laima yana tsayawa a wajen kilomita 200 a awa.

Shi kwabo, idan ya faɗo a kwance, lissafi yana ba da mita 11 a sakan, kimanin kilomita 40 a awa. Idan da zai faɗo a tsaye, da gefensa yana yanka iska kamar wuƙa, zai iya kai wa wajen kilomita 130 a awa. Amma kwabo ba ya zama a tsaye. Da zarar ya ɗan karkata, iska tana danna gefen da ke gaba fiye da na baya, sai ta juya shi, ya wuce gona da iri, ta sake juyo shi. Haka zai yi ta wulwulawa yana lilo kamar ganyen da ya tsinke daga bishiya. Wannan rawa ta faifan abu a cikin iska tsohuwar matsala ce a ilimin fiziks. Masanin fiziks James Clerk Maxwell ya yi rubutu a kan yadda ƴar takarda take juyawa idan tana faɗuwa tun a 1854, kuma har yau masana suna nazarin ta. Saboda wannan juyi, gudun kwabo na gaskiya yana faɗawa tsakanin kilomita 40 zuwa 80 a awa.

Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne yadda yake kai wa wannan iyaka da wuri. Tsakanin mita 15 zuwa 50 na farko, kwabon ya riga ya samu kusan duk gudun da zai samu. Ma'ana, wanda aka saki daga hawa na goma sha biyar da wanda aka saki daga hawa na ɗari da biyu, da gudu ɗaya za su iso. Sauran tsayin ba ya ƙara komai sai lokaci. Wannan kuma ya amsa maganar jirgin sama. A can sama iska ba ta da kauri, don haka kwabon zai fi gudu da farko, amma yana gangarowa cikin iska mai kauri yana rage gudu, har ya iso ƙasa da gudunsa na kullum. An ga irin wannan a jikin mutum ma. A ranar 14 ga Oktoba 2012, Felix Baumgartner ɗan ƙasar Ostiriya ya diro daga tsayin kusan kilomita 39, ya wuce gudun sauti a can sama, sama da kilomita 1,300 a awa, amma iskar ƙasa-ƙasa ita kaɗai ta rage masa gudu sosai tun kafin ya buɗe laimarsa.

Yanzu sai mu zo kan ɓarna. Gudu kaɗai ba ya gaya maka irin ɓarnar da abu zai yi. Abin da ake aunawa shi ne ƙarfin bugun da yake ɗauke da shi, wanda ya haɗa nauyi da gudu, kuma ma'auninsa shi ne jul. Kwabo mai giram biyu da rabi a gudun mita 20 a sakan yana ɗauke da rabin jul. In kana so ka ji yadda rabin jul yake, ka tuna lokacin da kake kwance kana duba waya ta suɓuce ta faɗo maka a fuska. Waya mai giram 200 da ta faɗo daga tsayin santimita 25, rabin jul ɗin ke nan. Da zafi, amma ba a zuwa asibiti. Harsashin ƙaramar bindiga kuwa yana ɗauke da jul 500 ko kusa da haka, ninki dubu. Ƙoƙon kan babba ƙashi ne mai ƙwari da aka gina shi kamar tulu don ya rarraba bugu, kuma sai da gomman jul ake fara maganar tsagewarsa. Siminti kuwa ya fi tutiya tauri, don haka idan suka haɗu kwabon ne zai sha wuya, ya yi tsalle ya gangara gefe.

Ba lissafi kaɗai aka dogara da shi ba. Louis Bloomfield, farfesan fiziks a Jami'ar Virginia, ya ɗaura kwabbai a jikin balan-balan ya tura shi sama, ya sa aka riƙa sako su yana tsaye a ƙasa suna faɗo masa, kuma bai ji rauni ba. Halitta ma tana yin wannan gwaji duk lokacin da aka yi ruwan ƙanƙara. Ƙanƙara mai faɗin santimita biyu ta ɗan fi kwabo nauyi, kusan giram huɗu, kuma tana sauka da gudun da ya kusa mita 20 a sakan daga tsayin da ya fi kowane bene a duniya. Irin wannan tana yage ganye, tana sa mutum ya ruga neman mafaka, amma ba ta huda kai. Ƙanƙarar da ke kisa ita ce babba. A ranar 14 ga Afrilu 1986, a gundumar Gopalganj ta Bangladesh, an yi ƙanƙarar da ɗaya ta kai kilo ɗaya, mutum 92 suka rasu. Daga gajimare duka biyun suka fito. Bambancin yana cikin girma.

Dalilin da girma yake da wannan tasiri yana da kyau a fahimce shi. Idan ka ninka faɗin dunƙulallen abu sau biyu, fuskar da yake nuna wa iska tana ninka huɗu, amma nauyinsa yana ninka takwas. Wato nauyi yana tsere wa turjiya. Shi ya sa tururuwa za ta faɗo daga ko'ina ta miƙe ta ci gaba da tafiya, mutum kuwa ya faɗo daga hawa uku ya karye. Siffa ma tana da nata rabon. Ɗauki ɗan boris na ƙarfe mai nauyin kwabon daidai, giram biyu da rabi. Faɗinsa bai kai milimita 9 ba, kuma a dunƙule yake, iska tana zamewa ta gefensa. Zai kai wajen kilomita 140 a awa, kuma duk bugunsa a ɗan ƙaramin wuri zai sauka. Kwabo dai an yi shi falle, mai faɗi, marar nauyi, kamar an ƙera shi ne musamman don iska ta riƙe shi.

Kada a ɗauka ina cewa kwabo ba ya yin komai. Akwai tsabar kuɗi masu nauyi: Yuro biyu giram takwas da rabi ne, Fam biyu na Ingila giram 12. Irin waɗannan za su iya ɗaukar jul biyu ko uku, kuma idan gefensu ya sauka inda fata ta kwanta a kan ƙashi, kamar goshi ko gira, za su iya fasa fatar. Masu kallon ƙwallo sun ga haka a watan Disamba 2012, lokacin da aka jefi ɗan ƙwallon Ingila Rio Ferdinand da tsabar kuɗi a wasan Manchester United da Manchester City, jini ya zubo masa daga saman ido. Gudun jifan hannu da gudun faɗuwar kwabo ba su da nisa da juna. Ido kuwa shi ne abin da na fi jin tsoro, domin ba shi da ƙashi a gabansa, kuma mutumin da ke tsaye a gindin dogon bene sau da yawa sama yake kallo. A mota, kwabo zai iya ƙwarzane fenti ko ya bar ɗan tabo, amma firgitar da direba shi kansa haɗari ne.

Sannan idan aka haɗa kwabban wuri ɗaya, magana ta canja gaba ɗaya. A Amurka ana naɗe kwabo hamsin a takarda ɗaya, nauyinsu giram 125. Idan aka warware su aka watsa, kowanne zai sauko da rabin jul ɗinsa. Idan aka saki naɗin a ɗaure, iska ba ta samun fuskar kowane kwabo, gefen naɗin kawai take samu, kuma a lissafina zai iya isowa da jul 80. Wannan zai iya fasa kai.

Nan ne nake so ka mayar da hankalin abokanka, domin ni abin da yake damuna da wannan tatsuniya ta kwabo shi ne tana sa mutane su ɗauka sai an hau bene mai hawa ɗari kafin abu ya zama haɗari. Sifana mai rabin kilo da ta suɓuce wa ma'aikaci daga tsayin mita 30, hawa takwas ko tara kawai, iska ba ta rage mata komai a wannan ɗan nisa. Za ta iso da gudun kilomita 85 a awa, kusan gudun kwabon, amma nauyinta ya ninka nasa sau 200. Bugunta ya kusa jul 150. A watan Nuwamba 2014, a birnin Jersey City na Amurka, tef ɗin awo mai nauyin kusan rabin kilo ya suɓuce daga ƙugun wani ma'aikaci a hawa na hamsin, ya bugi wani abu kusa da ƙasa ya yi tsalle ya samu wani mutum da ya kawo kayan gini a ka, ya rasu. Ba ya sanye da hular kwano a lokacin. Saboda irin wannan ne a wuraren gini na kirki ake ɗaure kayan aiki da igiya, ake shimfiɗa raga, ake killace ƙasan inda ake aiki, ake hana kowa shiga babu hular kwano. Noti, guntun rodi, kwalbar ruwa cike, tukunyar fulawa a bakin baranda, duk sun fi kwabo haɗari nesa ba kusa ba, kuma daga hawa biyar ma sun isa.

Akwai kuma harsashin da ake harbawa sama don murna. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, kuma harsashi kishiyar kwabo ne ta kowace fuska: darma ce a cikinsa, mai nauyi, siriri, an ƙera shi don ya ratsa iska. Gwaje-gwajen da sojojin Amurka suka yi a farkon ƙarni na ashirin sun nuna harsashin babbar bindiga da aka harba sama yana dawowa da gudun kusan mita 90 a sakan, wanda ya isa ya huda fata. Idan kuma an harba shi a karkace, kamar yadda aka fi yi, ba ya rasa juyin da bindiga ta ba shi, yana zuwa da tsininsa a gaba da gudun da ya fi haka. Mutane suna mutuwa ta wannan hanya a ƙasashe da yawa, kuma galibi a ka ko kafaɗa yake samun su. Ina zaton daga nan ne tsoron kwabo ya samo wani ɓangare na ƙarfinsa: mutane sun san ƙaramin ƙarfe daga sama yana kisa, sai suka ɗauka kowane ƙaramin ƙarfe ne.

Akwai hali ɗaya da kwabo yake zama mugun abu, shi ne idan abin da zai haɗu da shi ne yake gudu. A 2017, a filin jirgin sama na Shanghai, wata tsohuwa ta watsa tsabar kuɗi wajen injin jirgi don neman sa'a, aka sauke fasinjoji, aka yi awanni ana bincike kafin jirgin ya tashi. Hukuma ba ta yi zafin kai ba, domin fukafukan cikin injin suna juyawa da gudun da zai mayar da ɗan ƙarfe ɗaya abin da zai tsinke su. A sararin samaniya kuwa, inda babu iska, tashar ƴan sama-jannati ta ƙasa da ƙasa tana zagaya duniya da gudun kusan kilomita 28,000 a awa. Kwabo a wannan gudu yana ɗauke da jul sama da 70,000. A 1983, ɗan ɓarɓashin fenti ne ya yi rami a gilashin kumbon Amurka mai suna Challenger har sai da aka canja shi.

Tunda gani ya kori ji, ga gwajin da za ku yi ku da kanku ba tare da kun hau ko'ina ba. Ku yanko takarda zagaye, ta ɗan gaza kwabo faɗi. Ku riƙe kwabon a hannu ɗaya, takardar a ɗaya, ku sake su tare daga tsayin kafaɗa. Kwabon zai riga isa, takardar ta biyo baya tana lilo. Sai ku ɗora takardar a bayan kwabon, ku tabbata gefenta bai leƙo ba, ku sake shi a kwance. Wannan karon tare za su sauka, domin kwabon ya tare mata iska. Lilon da kuka ga takardar ta yi ita kaɗai a cikin mita ɗaya da rabi, shi ne abin da kwabon kansa yake yi idan ya faɗo daga nesa, kuma a haka yake ƙarasa sauran hanyar har bakin titi.